Yadda na sabunta ciyawar ƙofar gidanmu

Ɗan filin ciyawa da ke ƙofar gidanmu a wani ƙauye kusa da Ringim ya zama tabo-tabo, gara ta ci wani gefe, aya-aya ta mamaye sauran. Bara na yi garaje, na shimfiɗa sabuwar kirikiri a kan tsohuwar. Ko wata ba ta yi ba ta bushe, saboda saiwarta ba ta kai ƙasa ba.

Bana sai na jira ruwa ya zauna a Yuli. Na sa fartanya na ƙwaƙule tsohuwar har saiwa, na tsince 'ya'yan aya-aya ɗaya bayan ɗaya. Wannan shi ya fi cin rai, amma in ka bar su za su dawo. Ƙasarmu rairayi ce, ba ta riƙe ruwa, sai na cakuɗa ta da ruɓaɓɓen taki, na baje da manjagara.

Kirikirin daga fadama na yanko, haɗe da ƙasarta. Na jera ta kamar bulo, ba rata, na tattake. Ranar da ba a yi ruwa ba, sai in ba ta ruwa safe da yamma. Na kuma kewaye da darni saboda awakin Inna. Bayan mako uku na ja wani yanki, ya ƙi ɗagowa, alamar saiwarta ta kama ƙasa.