Yadda Ake Kafa Wurin Tunawa da Yaran Makarantun Kwana a Kanada

Kimanin yara 150,000 na 'yan asalin Kanada aka raba da iyayensu aka kai makarantun kwana, waɗanda gwamnati ke biyan kuɗinsu, coci-coci kuma ke gudanarwa, inda aka hana su magana da harshensu, dubbai kuma suka rasu a can. A 2015 Hukumar Gaskiya da Sulhu ta gabatar da buƙatu 94, ta 82 daga ciki ta nemi a kafa abin tunawa a babban birnin kowane lardi.

Duk majalisar gari ko ƙungiyar da za ta ɗauki wannan aiki, kada ta fara da zane ko kasafin kuɗi. Ta fara zuwa wurin waɗanda suka rayu a makarantun da dattawan ƙabilar da ƙasar ke hannunta tun asali, domin mai ɗaki shi ya san inda yake yi masa yoyo. A al'adar ƙabilu da yawa, ana miƙa wa dattijo ganyen taba kafin a roƙi shawararsa, kuma idan ya karɓa ya amince ke nan. Irin wannan zama yakan ci watanni, bai kamata a gaggauta shi ba.

Wurin ya kasance inda jama'a ke wucewa kullum, mai sassaƙar kuma ya zama ɗan asalin ƙasar. A Toronto, lambun tunawa da aka buɗe ranar 30 ga Satumba 2024 yana dandalin da ke gaban majalisar birni, da kunkurun dutse da Solomon King ya sassaƙa, saboda ƙabilun yankin suna kiran nahiyar Tsibirin Kunkuru.

Batun sunaye ya fi komai buƙatar hattara. Cibiyar Gaskiya da Sulhu da ke Winnipeg tana da rajistar yaran da suka rasu, amma kada a rubuta sunan yaro a dutse sai da yardar danginsa.

A sa ranar buɗewa ta dace da 30 ga Satumba, ranar da ake sanya riga mai ruwan lemo don tunawa da rigar mai ruwan lemo da aka ƙwace wa Phyllis Webstad, wata 'yar asalin ƙasar, a makarantar kwana tana shekara 6. A tanadi kujeru ga tsofaffi da ma'aikatan kwantar da hankali, a bar waɗanda abin ya shafa su riga 'yan siyasa magana, sannan a rubuta tun farko wanda zai riƙa share wurin da gyara shi kowace shekara.