Wane wata za ka fitar da tsohon jirgin katako kasuwa?

Ni kafinta ne a jihar Mishigan ta Amurka, kuma aikina gyaran tsofaffin jiragen ruwa na shaƙatawa, galibi ƙirar Chris-Craft. A garin Algonac na jihar nan aka kafa kamfanin, kuma tun 1971 ya daina ƙera na katako, shi ya sa waɗanda suka rage suke da daraja. Katakon ja ne kamar maɗaci, daga Filifin aka riƙa kawo shi. 'Yan'uwa da suka shigo sana'ar kan tambaye ni nawa za su yi wa jirgi kuɗi. Ni kuwa sai in ce: fara gaya mini watan da za ka fitar da shi.

Duk wanda ya taɓa kiwon rago ya san kuɗinsa ana saura mako guda layya, ya kuma san kuɗinsa washegarin salla. Haka jirgi yake a nan. Lokacin shiga ruwa gajere ne, daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Satumba. Mai saye yana so ya ci moriyar watannin nan gaba ɗaya, don haka a Afrilu da Mayu hannunsa ya fi sakewa.

To, ka lissafa aikinka da baya-baya. Hunturu na shago ne: canza ruɓaɓɓen katako, goge jiki, shafa man ƙyalli. Ni nakan shafa sau goma ko fiye, ina gogewa tsakanin kowane shafi, kuma sai shago yana da ɗumi, babu ƙura. Ka ɗauki hoton kowane mataki, ka adana rasit, musamman na inji. A ƙarshen Maris ka saki talla, ko da ƙanƙara ba ta gama narkewa a tafki ba, don mutane su fara kira.

Ga inda sababbin shiga ke tafka asara. Jirgin da ke da gindinsa na asali yakan bushe a ajiya, allunan su tsuke, su bar kafa. Ranar da ka jefa shi ruwa sai ya yi yoyo. Ba lalacewa ba ce, katakon ne ke buƙatar ya sha ruwa ya kumbura. Amma mai saye da ya ga ruwa na taruwa a ƙarƙashin ƙafarsa ba zai tsaya jin bayani ba. Ka sa jirgin a ruwa kwanaki kafin ya zo, famfon kwashe ruwa na aiki, kai ma kana kusa. In kuwa ka yi masa sabon gindi da gam ɗin 3M 5200, wanda ba ya buƙatar jiƙo, ka rubuta haka a layin farko na talla, domin yana ƙara kuɗi sosai.

Jirgina na farko a Oktoba na gama shi. Mutumin da ya zo gani ya yaba aikin, sannan ya zauna ya yi mini lissafi: kuɗin ajiya har zuwa Mayu, inshora, tsiyaye ruwan inji don kada ƙanƙara ta fasa shi, ga shi ba zai hau ba sai bayan wata bakwai. Duk ya zabtare daga tayinsa. Kuɗin hayar shago ya matsa mini, na sallama. Har yau abin yana ci mini rai, don aikin wata tara ne. Yanzu in kaka ta riske ni da jirgi, albarka nake cewa, in lulluɓe shi in jira.

In Yuni ya wuce ba ka sayar ba, da sauran dama a Agusta. A Asabar ta biyu ana baje kolin jiragen katako a Hessel, arewacin Mishigan, sannan a farkon watan ana yin wani tare da gwanjo a Clayton ta jihar New York, bakin kogin St. Lawrence. Masu zuwa can sun san abin da suke kallo. Bayan nan farashi gangara yake yi. Wasu kan ja jirgi a tirela zuwa Tavares ta Fulorida, inda ake baje koli a Maris, amma ka fara cire kuɗin mai da masauki ka ga abin da zai rage.

Jirgin da ba ya jin wannan doka shi ne wanda samunsa ke da wuya, kamar na kafin yaƙin duniya na biyu mai wurin zama kashi uku. Mai neman irinsa ko a Janairu zai zo da kuɗinsa. Kuma in kai ne mai saye don gyara, a Nuwamba za ka fita yawo, ka duba bayan gidaje da garejin waɗanda ba sa son sake biyan kuɗin ajiya.