Tausar gwiwar hannu idan jijiya ta motsa

Shekara 11 ke nan ina tuƙa tuwon sayarwa a Tudun Wadan Kaduna, sai bara hannuna na dama ya fara ciwo. Da buta abin ya soma. Na ɗaga ta zan yi alwalar asuba, sai na ji kamar an soka mini allura a ɗan ƙashin nan da ya turo ta wajen gwiwar hannu. Kafin wata guda matse wanki ya gagare ni, muciya kuwa sai ina cije leɓe.

Ma'aikaciyar gashin ƙashi da ta duba ni ta ce yawancin tsokokin da ke ɗaga wuyan hannu da yatsu sun haɗu a jijiya ɗaya, wadda ta manne a jikin ƙashin nan. Yawan damƙa da murɗawa ne ke cinye ta a hankali. Turawa suna laƙaba ciwon ga 'yan wasan tanis, amma ya fi kama masu aikin hannu 'yan shekara 30 zuwa 50. Kafintan Panteka da telan Kasuwar Barci duk suna cikin layi. Ita ce ta nuna mini tausar dannawa da yatsa, wadda ta samo asali daga maganin gargajiyar ƙasar Sin.

Ki zauna, ki ɗora hannun a kan filo, ki lanƙwasa gwiwar. Za ki ga layin da fata ta naɗe. Ki bi shi zuwa ƙarshensa ta waje, akwai ɗan rami kafin ki kai ƙashin. Masu wannan sana'a suna kiran wurin LI11. Ki sa babban yatsan ɗaya hannun ki danna a hankali, kina ɗan jujjuyawa, kamar minti 1, kina numfashi yadda kika saba.

Daga nan ki auna faɗin yatsu uku zuwa ƙasa, wajen wuyan hannu, a kan tsokar da ke tasowa idan kika ɗaga yatsunki. Wannan shi ne LI10, kuma a wurina nan ne maganar take. Ranar farko da na danna shi sai na ji wani tsami mai nauyi ya bi har bayan hannuna. Irin wannan tsamin ake nema. Idan kuwa zafi ne mai suka, ko kika ji kamar lantarki ya ja ki zuwa yatsu, to ki sassauta ko ki ɗan gusa, kin hau jijiyar ji ne. Na fi daɗewa a nan, har minti 2. Sai in shafa ɗan man kaɗanya in murza tsokar gaba ɗaya daga wuyan hannu zuwa sama.

Don Allah kada ki yi ta murzar kan ƙashin da ke ciwo da ƙarfi. Inda ke zafi nan hannu yake son zuwa, amma jijiyar wurin ta riga ta jigata, ƙara mata wahala kawai za ki yi.

Akwai wuri na uku, LI4, a naman da ke tsakanin babban yatsa da manuniya. Ki matse shi rabin minti. Mai juna biyu ta bar wannan.

Ina yi safe da dare. Ranar da aiki ya yi yawa nakan naɗe ƙanƙara a tsumma in ɗora minti 15.

Tausa tana kwantar da zafi ne na ɗan lokaci, jijiyar kuwa takan ɗauki wata 6 zuwa shekara, wani lokaci har biyu, kafin ta koma daidai. Shi ya sa aka haɗa mini da motsa hannu: in ɗora hannun a gefen tebur, tafin yana kallon ƙasa, in riƙe ƙaramar gorar ruwa, in ɗaga ta da taimakon ɗaya hannun, sannan in sauke ta sannu a hankali, sau 10. Na kuma naɗa tsumma a mariƙin muciya ya yi kauri, kuma na koma tuƙa tukunya biyu ƙanana maimakon babba ɗaya.

Idan gwiwar ta kumbura ta yi ja da zazzaɓi, ko yatsu sun mutu, ko ciwon ya biyo bayan faɗuwa, ki bar tausa ki tafi asibiti, ko Barau Dikko ko wanda ya fi kusa da ke.