Gwajin ɗigon mai a kan ruwa: inda ɗalibai suke tafka kuskure

Babu rula ko maikuromita (ma'aunin ƙananan abubuwa) da za ta iya auna molekul, wato ƙwayar abu mafi ƙanƙanta da ke riƙe da halinsa. Dabarar da ake koyarwa a ajin fizik ita ce a ɗiga mai a kan ruwan da ke cikin tire, ya bazu har kaurinsa ya zama na molekul guda, sannan a raba girman ɗigon da yawan filin da shimfiɗar ta rufe. Benjamin Franklin ya ga cokalin shayi ɗaya na mai ya rufe kusan rabin eka a wani tafki a Clapham, Landan, amma bai yi lissafin ba. Lord Rayleigh ne ya yi shi a 1890 da man zaitun, ya samu kaurin kusan nanomita 1.6, wato kashi 1.6 cikin miliyan na milimita.

Yawancin ɓarnar a ɗigon take. Ɗigo ɗaya ƙarami ne ƙwarai, idan ka auna shi da ido kusa da rula, kuskure kaɗan zai ninku sosai, domin faɗinsa ana ninka shi da kansa sau uku a lissafi. Gara ka ƙirga ɗigo nawa ne ke cika santimita kubik ɗaya, ka raba shi da yawan ɗigon. In kuwa an sirka man oleyik (wani mai da ake wannan gwaji da shi) da alkohol, to ka tuna alkohol ɗin narkewa yake cikin ruwa ko ya bi iska, man kaɗai ke shimfiɗuwa. Wanda ya manta da wannan, amsarsa za ta kumbura daidai da yawan sirkin.

Sai ruɗa faɗi da rabin faɗi. Ɗigo mai faɗin milimita 0.5, rabinsa 0.25 ne, girmansa kusan milimita kubik 0.065. Idan ya bazu ya yi da'ira mai faɗin milimita 200, shimfiɗarsa kusan murabba'in milimita 31,400 ce, kaurin kuma kusan nanomita 2. Sa 0.5 a gurbin 0.25, amsarka ta ninku sau takwas. Kuma kada a haɗa santimita da milimita a lissafi guda. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita.

Tiren ma yana da nasa. Maiƙon yatsa kaɗai ya isa ya hana man bazuwa, don haka a wanke shi tas, a ɗauraye sabulun gaba ɗaya. Hodar da ake barbaɗawa a kan ruwan don a ga iyakar man ta zama kaɗan, in ta yi yawa sai ta tare man. Idan shimfiɗar ta taɓa gefen tire, zubar da ruwan, sake daga farko da ɗigo mafi ƙanƙanta. Da'irar ba ta fitowa daidai, saboda haka a auna faɗinta ta ɓangarori da dama a ɗauki matsakaici.

Wanda ya rubuta nanomita 2.0837 kuma, na'urar lissafi ce ta ruɗe shi. Gwajin nan ƙiyasi yake bayarwa, "kusan nanomita 2" ya wadatar.