Ranar mutuwar biza dabam, kwanakin zamanka dabam

Da damina ɗan yayata ya dawo Damagaram daga Beljiyam. Bayan la'asar ya same ni a fadarmu ta Birni, ana dafa shayi, ya miƙo mini fasfonsa. "Kawu, duba mini. Ai har ƙarshen Agusta aka rubuta, me ya sa suka tsare ni a filin jirgi?" Na buɗe shafin bizar, na ɗora ɗan yatsa a kan layin da bai taɓa lura da shi ba. A gaban "durée de séjour", wato kwanakin zama, an buga 30. Shi kuwa wata huɗu ya yi. Jikina ya yi sanyi, don na san gonar da aka jinginar kafin a haɗa masa kuɗin tafiyar nan.

Saboda shi nake rubuta muku wannan, ku 'yan'uwa da kuka sauka Turai da bizar gajeren zama ta Shengen, yankin ƙasashen Turai masu biza ɗaya.

Abu uku ne a kan takardar. Akwai ranakun "du" da "au", wato tsakanin da ƙofa take buɗe. Akwai yawan kwanakin da aka yarje maka ka zauna a ciki. Akwai kuma yawan shiga: 1, 2 ko MULT, wato shiga sau da yawa. Ana iya buɗe maka ƙofar wata shida amma a ba ka kwana 30 kacal, kuma wanda ya fara ƙarewa shi ne ke tayar da kai. Ranar shiga da ranar fita duk ana lissafa su. Ko mai MULT ta shekara biyu ba ya wuce kwana 90 cikin kowane kwana 180, kuma ƙasashe 29 na yankin ƙidaya ɗaya suke yi, don haka tsallakawa daga Faransa zuwa Jamus ba ya sabunta maka komai. Mai shiga 1 kuma, in ya leƙa Maroko ko Ingila, bizarsa ta mutu ko da sauran kwanaki.

Sai maganar sokewa, wadda mutanenmu ba su cika yarda tana faruwa ba. Biza a hannu ba ta tilasta wa jami'in iyaka ya bar ka ka wuce. Dokar bizar Turai, a sashe na 34, ta ba da hanya biyu. In aka gano tun farko ba ka cika sharuɗɗa ba, misali takardar banki ta jabu ko otal ɗin da wani dillali ya ƙaga maka, sai a rushe ta kamar ba a taɓa bayarwa ba. In kuwa daga baya ne sharuɗɗan suka warware, kamar ka zo ziyara aka kama ka kana aikin kuɗi, sai a janye ta. Ba lallai ƙasar da ta ba ka ita ce za ta soke ba, kowace daga cikinsu tana da wannan ikon. Za a buga hatimi a kan bizar, a ja mata layi, a shigar da labarin cikin kwamfutar da duk ofisoshin jakadancinsu ke dubawa, ya zauna shekara 5.

In haka ta same ka, kar ka tashi sai da takardar da ta faɗi dalili. Haƙƙinka ce, kuma da ita ake ɗaukaka ƙara a ƙasar da ta yanke hukuncin. Ka kuma sani, rashin takarda ɗaya a bakin iyaka ba ya kai ga soke biza kai tsaye. Duk da haka ni dai shawarata, tikitin dawowa, takardar masauki da inshorar lafiya ta Yuro 30,000 su zauna a jakar hannu, ban da akwatin da ke cikin jirgi. Fasfo kuma ya zama da sauran aƙalla wata uku bayan ranar da za ka fita.

Rashin lafiya ko soke jirgi na iya riƙe mutum, wannan ba laifi ba ne. Amma a je hukumar baƙi ta inda ake tun kwanakin ba su cika ba, da takardar likita a hannu. Ƙarin kwana saboda larura irin wannan kyauta ne, na wani babban uzurin kai kuma Yuro 30. Wanda ya bari sai bayan sun cika, da wuya a saurare shi.

Da can wasu kan dogara da hatimin da ya dushe. Tun 12 ga Oktoba 2025 aka fara ɗaukar hoton fuska da zanen yatsu a iyakokinsu, na'ura ce ke ƙirga kwanakin.

Ɗan yayan nawa ya sake haɗa takardu, ya sha kusan kilomita 900 zuwa Yamai, aka hana shi. Da ya dawo, ƙaninsa ne ke shirin tafiya, sai na ga ya zaunar da shi a zaure da kalanda da biro suna ƙirga kwanaki ɗaya bayan ɗaya.