Kafin ka sa ɗan daudu a wasanka

Duk shekara da Sallah ta gabato, samarin da nake shirya wa wasan kwaikwayo a unguwar Aboabo da ke Kumasi, a Ghana, sai sun ce, "Baba, a sa mana ɗan daudu, shi ke cika fili." Gaskiyarsu. Da ya fito da zane a ƙirji yana tafa hannu, har dattawan da suka zo da carbi sai sun dara. Amma masu dariyar nan su ne in sun gamu da irinsa a kasuwar Kejetiya za su tofar da yawu. Da wannan za ka fara lissafi.

Abu na farko, wa zai hau? Kada ka ba yaro. Na taɓa ba wani ɗan shekara 17 don ya iya rangwaɗa, wasan ya yi armashi, sai unguwa ta laƙaba masa "Hajiya". Shekara biyu ana kiransa haka, har a bakin masallaci, daga baya ya koma wurin kawunsa a Tamale. Laifina ne. Yanzu magidanci nake ba wa, wanda kowa ya san matarsa da sana'arsa, kuma sai na ce ya shawarci gidansu tukuna.

In wani ya ce maka baƙon abu ka kawo, tuna masa da konsat fati, wasan kwaikwayon barkwanci da kiɗa na Ghana. Tun shekarun 1930 E.K. Dadson ke shigar mata a ƙungiyar Axim Trio ta su Bob Johnson, don a lokacin maza ne ke hawa matsayin mata. Mu da muka kalli Key Soap Concert Party a talabijin a shekarun 1990 mun ga ragowar abin. Sai dai ka bambance: namiji ya fito a matsayin mace daban, ya fito a matsayin namiji mai ɗabi'ar mata daban. Na biyun shi maƙwabtanmu 'yan Akan ke kira Kojo Besia, kuma shi ne mai jawo magana.

Sannan ka ba shi sana'a da dangi. Ya zama mai tuwo ko mai suyar kaji, yana bin wani bashi, yana biya wa ƙanwarsa kuɗin makaranta. Dariyar ta fito daga bakinsa, don 'yan daudu gwanayen habaici da karin magana ne. Wanda ya ci tuwonsa bashi ya zo yana masa wa'azi, shi kuwa ya gyara ɗaurin zane ya ce, "Malam, a biya sidi ashirin ɗin tukuna, sai mu ji hadisin." Wannan ya fi kaɗa ƙugu na minti goma, wanda yara za su kwashe su je su tsokani wani da shi gobe.

Kada ka ƙare wasan da a doki ɗan daudun. Masu shirya wasa suna son wannan don 'yan kallo su yi shewa, a ce an gyara tarbiyya. Ni na daina, don samarin layin gaba ba sa tsayawa a kallo.

Soyayya kuwa kada ka kusance ta. Daudu ba luwaɗi ba ne, amma fili ba ya tsayawa tantancewa. Sashe na 104 na dokar laifuka ta 1960, wanda ake hukunta luwaɗi da shi, yana nan, kuma tun da majalisa ta amince da ƙudurin nan mai tsananta hukunci kan luwaɗi da maɗigo ranar 28 ga Fabrairu 2024, ko da yake shugaban ƙasa na lokacin, Akufo-Addo, bai sa hannu ba, kunnuwa sun ƙara tsini. Ka je wurin liman da mai unguwa kafin ranar, ka ba su labarin da bakinka.

Da an gama, ɗan wasan ya cire zane da ɗankwali a bayan labule, ya wanke jan baki, ya fito gaisuwa da rigarsa da hularsa. Mutum biyu su raka shi gida.