Idan ka sauka a Hull, ka nemi masu riƙe da tarihin teku

Ɗan'uwa, makonka na farko a Hull zai ƙare ne a neman ɗaki, rajistar likita da buɗe asusun banki, ga sanyi yana shiga har ɓargo. A cikin wannan hidima babu mai ce maka ka je wurin 'yan ƙungiyar adana tarihi. Ni zan ce maka, kuma da gaske nake. Na yi kusan shekara a garin nan ina gaisawa da maƙwabta a tsaitsaye, ban san abin da ke ransu ba, sai da wata dattijuwa a layinmu ta ja ni zuwa wani ɗan ɗaki a unguwar Hessle Road inda tsofaffin masunta ke tara hotuna da kayan aikinsu. Daga ranar garin ya fara buɗe mini. Da ɗan gari akan ci gari.

Abin da ya kamata ka fara sani shi ne, teku ce ta gina Hull, ita ce kuma ta yi masa rauni. Garin yana bakin kogin Humber a gabashin Ingila, kuma a da yana cikin manyan tashoshin kamun kifi na duniya. Jiragensa sukan nausa can arewa, ruwan Ayisland da na Norway, su yi mako uku cikin ƙanƙara, su dawo gida kwana uku kacal. Shi ya sa ake yi wa masuntan kirari da attajiran kwana uku: aljihu cike, lokaci kuwa babu. Fiye da mutum 6,000 na garin suka tafi teku ba su dawo ba. Yawancinsu ba su da kabari.

A ɗakin nan na ga wani tsoho yana bin sunaye da yatsa a kan takarda, yatsan duk ya kanannaɗe saboda shekarun jan taru cikin sanyi. Ya tsaya a kan wani suna, ya ce ajinsu ɗaya a firamare. Bai ƙara komai ba, ni ma ban tambaya ba. Sunan yana cikin mutum 58 da suka halaka a farkon 1968, lokacin da jirage uku, St Romanus da Kingston Peridot da Ross Cleveland, suka nutse cikin ƙasa da wata guda. Na ƙarshen ƙanƙara ce ta taru a jikinsa har ya yi nauyi ya kife a gaɓar Ayisland. Mutum ɗaya tak ya tsira, Harry Eddom.

Abin da ya biyo baya kuwa mata ne suka yi shi. Lillian Bilocca, mai aikin feɗe kifi, ta tashi tare da wasu matan unguwar suka tara sa-hannun mutum 10,000, suka je har Landan wurin ministoci, suna neman kada jirgi ya sake fita ba tare da mai kula da rediyo ba, a kuma inganta kayan ceto. Aka amsa musu. Ita kuwa ta rasa aikinta a masana'antar kifi. Har gobe ana kiransu mata masu ɗankwali, za ka kuma ga zanen fuskokinsu a bangon gine-gine a unguwar. A 1974 jirgin Gaul ya ɓace da mutum 36. Sai rikicin kamun kifi da Ayisland ya ƙare a 1976 da amincewa da iyakar mil 200 kewaye da Ayisland, aka rufe wa jiragen Hull ruwan da suka dogara da shi, sana'ar kaka da kakanni ta durƙushe cikin 'yan shekaru. In ka ga shaguna a rufe, ka ga dattawa masu ƙarancin magana, to ga tushen abin.

Wannan ilimi yana da amfani a aikinka na yau da gobe, musamman ke 'yar'uwa mai aikin kula da tsofaffi. Da yawa daga waɗanda za ki riƙa yi wa hidima matan masunta ne ko 'ya'yansu. Wata za ta ce miki a zamaninsu ba a wanki ranar da miji zai fita teku, wai kada a wanke shi ya tafi ke nan. Wata ba ta son koren tufafi. Camfi ne, ba sai kin yarda da shi ba, amma kada ki yi dariya. Tsoro ne na macen da ta kwana tana sauraron iska. In kika ambaci sunan jirgi ɗaya daidai, tsohuwar da ta wuni ba ta ce uffan ba za ta iya ba ki labari har lokacin tashinki ya yi.

Ƙungiyoyin ba su da wuyar samu. Akwai STAND, wadda tsofaffin masunta da iyalansu suka kafa, ita ce ke shirya taron tunawa da waɗanda teku ta ci, kowace shekara a tsakiyar hunturu. Kowa na iya zuwa; ka sa rigar sanyi mai kauri, ka tsaya shiru tare da jama'a. Akwai East Yorkshire Local History Society mai shirya laccoci da buga ƙananan littattafai. Cibiyar Hull History Centre, da aka buɗe a 2010, tana ajiye tsofaffin takardun gari da na jami'a. Gidan da aka haifi William Wilberforce a 1759, ɗan majalisar da ya jagoranci yaƙin hana cinikin bayi har aka yi dokar 1807, yanzu gidan tarihi ne, shiga kyauta. Ka kai yara. A watan Satumba kuma akan buɗe tsofaffin gine-gine da dama kyauta na 'yan kwanaki.

Galibin masu wannan aiki 'yan sa-kai ne da suka manyanta, kuma kullum suna neman hannu: mai ɗaukar hoton tsofaffin takardu ya sa a kwamfuta, mai rubuta hirar da aka naɗa, mai tsaron ƙofa. Awa biyu a mako ta isa. Kunnenka zai saba da Turancin garin, wanda ya sha bamban da na aji, ka kuma sami dattijon da zai tsaya maka shaida ranar neman aiki. Sai dai in bizar karatu gare ka, ka fara tambayar ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'arka, domin wani aikin da ba a biya ana lissafa shi cikin awa 20 da aka yarje maka a mako lokacin karatu.

'Yan ƙungiyoyin nan ne kuma za su gaya maka gaskiyar gaɓar Holderness, wadda ke gabas da garin. Ƙasar wurin yumɓu ce mai laushi, teku na cin kusan mita 2 a kowace shekara, tana cikin mafi saurin zaizaya a Turai. Ƙauyuka kusan 30 sun shige ruwa tun zamanin Rumawa, har da Ravenser Odd, garin da ya taɓa aika wakilai majalisa kafin teku ta shafe shi a ƙarni na 14. Na ga titin kwalta da ya tafi sambal ya yanke a bakin gangare, ƙasansa ruwa na ta bugu. Don haka in kun fita shan iska, kada ku tsaya ɗaukar hoto a bakin gangaren, kada kuma ku zauna a gindinsa, yana ruftawa ba sallama. In Spurn za ku, wato siririyar ƙasar da ta miƙe cikin ruwa a bakin Humber, ku duba jadawalin cikar teku tukuna, don tun ambaliyar Disamba 2013 ruwa kan datse hanyar idan ya cika. Wanda ya ga wani cikin haɗari a ruwa ya kira 999 ya nemi masu gadin gaɓar teku, ya faɗi inda yake, ya tsaya a tudu har su iso.